Na Samo Maka Aiki A Winnipeg

Winnipeg, Kanada.

Zuwa ga taubashina,

Labari ya iso ni cewa kana ta cika baki a majalisa, wai za ka zo Kanada ka miƙe ƙafa. To bawana, aikinka na nan yana jiranka.

Gidajen garin nan a toshe suke ruf, domin a watan Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Mai buɗe taga a lokacin ya jawo wa kansa. Shi ya sa a ɗakin ƙasa ake kafa wata na'ura mai suna ERV, tana shigo da sabuwar iska tana fitar da tsohuwa. Iskokin biyu sukan gifta juna a wani akwati da ke tsakiyarta ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta bar wa mai shigowa ɗuminta da ɗan danshinta. Kuɗin ɗumama gida ya ragu, leɓe ma ya huta da tsagewa.

Ga naka aikin. Filta biyu gare ta, kuma duk wata 2 ko 3 za ka kashe ta, ka zare filogi, ka ciro su. Na soso, sai ka zuƙe ƙurarsa da injin shara, ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka bari ya bushe ƙayau. Na takarda ba a wanke shi. In ya yi baƙi a sayo sabo daidai girmansa, a saka shi yadda kibiyar jikinsa ta nuna. Akwatin tsakiya kuwa ba ya shiri da ruwa, zuƙe ƙura kawai ake yi, don haka ka bar butarka a gida. Daga nan ka fita waje ka share bakin bututun da iskar ke bi, domin ganye da dusar ƙanƙara na toshe shi.

In aka yi sakaci, na'urar ta dinga gurnani tana shan wuta, gilashin taga ya yi ta gumi, ƙamshin daddawa ya kwana uku bai fita ba. A 2023, da dazuzzukan ƙasar nan suka yi mummunar gobara, hayaƙi ya sa filta na yin baƙi tun kafin lokacinsa. Abin da ya tare ɗin nan, da huhun yara zai shiga.

Abu ɗaya ke sa ni shakka: filtar mashin ɗinka, wadda hunturu nawa ya wuce ba ta ga sabulu ba, har mashin ɗin na tari kamar tsohuwar akuya. Ka fara gwaji da ita, ka aiko mini da hoto ta WhatsApp, sannan mu yi maganar tikiti.

Ka gaishe mini da Gwaggo da amarya da yara. Kuɗin sharata na bana kuma ka miƙa wa Gwaggo, kada in ji wani uzuri.

Wassalam.

Ni ne ubangidanka,
taubashinka na Winnipeg.