Motar Soja Ba Ta Jin Odar Farar Hula

Dillalin da ya sayar mini da motar bai yi mini ƙarya ba, duk wanda kuma ya ce an cuce ni sai mun je gaban alƙali. Abin da ya ce shi ne, "Alhaji, wallahi da ƙafarta ta zo wurin nan." Haka ne kuwa. Shekarar da ta zo ce kawai bai ambata ba, ni ma ban tambaya ba, don ciniki ya yi daɗi, ga kuɗin sallamata daga aikin koyarwa sun shigo ko hucewa ba su yi ba.

Mercedes 911 ce, mai gajeren hancin nan, wadda aka yi gwanjonta daga bariki ta yi ta bin hannu har ta ƙare a wani fili a bayan Kano, tumfafiya ta tsiro ta ƙarƙashinta. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan ya san 911. Ita ta yi dakon hatsi da shanu zuwa kudu, a kan ƙashinta aka ƙera molue ɗin Legas. Jamusawa sun fito da wannan samfuri tun 1959, daga baya aka riƙa harhaɗa motocin kamfanin a ANAMMCO ta Inugu, wadda aka buɗe a 1980. Ta soja kuwa ta ɗara ta 'yan kasuwa, don ƙafafun gaba da na baya duk suna ja, ga tsayi, laka ba ta ba ta tsoro. A bayan takardar kuɗin wuta na yi lissafina: da rani in yi dakon buhuna daga Dawanau, da damina in shiga ƙauyukan da kanta ba ta iya shiga. Lissafin ya nuna kafin shekara ta zagayo na koma Umara. Ilimina na kanikanci kuwa, na taɓa kwance Vespa na mayar, abin da ya yi saura bai wuce noti uku ba, kuma ta ci gaba da tafiya.

Tifa ce ta jawo ta da sarƙa. Tayoyin duk sun kwanta, haka aka ja ta tana gurzar ƙasa, ta shige ta ƙarƙashin dakalin saman ƙofar gidana da ƙyar. Garejin nawa don Peugeot 504 aka gina shi, saboda haka hancinta kaɗai ya samu shiga. Sauran gangar jikin ta mamaye tsakar gida, ta tare hanyar rijiya, ta tsinka igiyar shanya.

Uwargida ta fito daga kicin da muciya a hannu, ta zagaya ta sau ɗaya.

"Malam, ina ce mota ka ce za ka sayo?"

"Ai ita ce wannan, Hajiya."

"To, ni dai na ga kamar barikin ka kwaso gaba ɗaya. Sojojin suna tafe a baya ne, in ƙara sanwa?"

Ƙaninta, wanda ba shi da aikin da ya wuce zuwa gidana da azahar daidai lokacin da ake sauke tukunya, ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Yaya, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Ban tanka masa ba. Mutumin da ko keke bai mallaka ba, me ya sani game da harkar sufuri?

Ashe tambayar uwargida a kan hanya take. Komai na motar nan an yi shi ne da tunanin cewa akwai ƙarti goma a tsaye suna jiran oda. Ni kuwa rundunata ba ta wuce ni da autana ɗan aji uku na firamare ba, shi ma aikinsa riƙe tocila, yana haska ko'ina ban da inda nake so. Taya ɗaya ta fi ni nauyi. Notin ƙafa na farko da na nemi kwancewa, na sa sifana na danna, bai motsa ba. Na zura bututun ƙarfe a kan sifanar na rataya a jiki, ƙafafuna suna lilo, bai san ina yi ba. Na hau kan bututun da ƙafa biyu na yi tsalle. Nan ne aka samu motsi, amma ba daga notin ba. Mai ɗori ya ce targaɗe ne kawai. Baƙin mai kuwa, galan biyu na juye mata, na zaro sandar awo na ga ko jiƙewa ba ta yi ba. A 504 galan guda ya kusan isa.

Sai batun batir. Wurin ajiyarsa na cin guda biyu, na sayo biyu sababbi fil, na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, kamar yadda hankali ya tanada. Na murɗa makulli, ta ce "ƙyat," ta yi shiru. Na kira rewaya, wani yaro da na taɓa koyarwa, wanda na tuna sarai ba ya cin jarrabawa. Ya duba, ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa, ya ce, "Malam, ai wutar wannan 24 ce, ba 12 ba. Jan wannan za ka kai wa baƙin wancan, su taru su ba da 24. Yadda ka yi ɗin nan, ko goma ka jera 12 ɗin ce dai." Ya gyara cikin minti biyu, ya karɓi kuɗinsa cif, babu ragin malami. Da dare na kunna fitilu don in burge yara, ƙwayayen da na sayo na ƙananan motoci suka yi wani haske mai ban sha'awa, sannan suka mutu gaba ɗaya.

Bakaniken unguwarmu, wanda Golf da Corolla suke masa ladabi, ya zo ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallon injin mai silinda shida, sai ya ce, "Alhaji, wannan ba layina ba ne." A Ƙofar Ruwa kuwa na zama abin kallo. In na fito da tsohon ƙarfe daga leda, sai mai shago ya juya shi, ya kira maƙwabcinsa, shi ma ya kira wani dattijo, dattijon ya karɓa da hannu biyu ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun zamanin Shagari. A ƙarshe dai ana samu, don 911 ba ta ƙare a kan titi ba, kuma a kasuwar nan in ka yi haƙuri babu abin da ba a tono maka. Sai dai duk wanda aka kira ya kalla, da ladan kallonsa a cikin farashin.

Ana cikin haka kajin uwargida suka gano kujerar direba. Suka mayar da ita wurin saka, har aka kafa mini doka cewa kada in buɗe ƙofar hagu sai an ƙyanƙyashe. Ta ƙofar yaron mota nake shiga motata.

Taimako ya zo daga inda ban zata ba. Akwai wani dattijo mai gadin sito a ƙarshen layinmu, kowa Baba Saje yake ce masa, tsohon direban soja ne, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990. Ya shigo neman ruwan alwala, ya yi ido biyu da motar. Sai ya ajiye buta, ya ƙame, ya sara mata. Shekarun da muka yi da shi a layin nan ni bai taɓa sara mini ba.

Shi ya gano dalilin da take ta gurnani ba ta tashi. Iska ce ta cika bututun mai. Injin gas, in ji shi, in iska ta shiga tsakanin tanki da nozul, ko kwana za ka yi kana ba shi kik ba zai kama ba. Ya nuna mini wani ɗan famfon hannu a jikin famfon injekta, ya sassauta noti a kan filta, ya ce in yi ta bugawa har kumfa ta ƙare mai ya fito tas. Ina bugawa yana ƙirga mini da murya irin ta fareti. Man gas ɗin da litarsa ta haura naira 1,000 yana ta tsiyaya ta gwiwar hannuna zuwa cikin hammata. Ya kuma sa na cire tukunyar tace iska gaba ɗaya, don zanzaro ya yi gini a ciki har hawa biyu.

Da magariba ta gabato ya goge hannu ya ce, "Malam, saura abu ɗaya. Cikin famfon nan akwai wata sanda mai auna man da ke shiga injin. Motar da ta daɗe a ajiye, sandar takan maƙale. Gobe bayan asuba zan zo in duba. Kada ka taɓa makullin nan sai na zo. Oda ce."

Na amsa da to. Washegari na dawo daga masallaci, Baba Saje ya tsaya lazimi, kuma lazimin tsohon soja ba ya ƙarewa da wuri, ban san me yake nema wa gafara ba. Sai ga ƙanin uwargida, wanda ya kwana a gidan saboda ya ji ana maganar waina, yana cewa, "Yaya, yau ma sai an jira Saje? Motar taka ce ko tasa?" Kowa ya san irin wannan magana ba a barinta ta wuce. Na hau, na yi bisimilla, na murɗa.

Ta tashi. Wallahi ta tashi, kuma daƙiƙa biyun farko ba ni da abin da zan kwatanta daɗinsu da shi. A ta uku sai na lura ƙafata ba ta kan totur, amma ƙarar hawa take yi. Ta ci gaba da hawa. Kwanon gareji ya fara rawa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida har ba na ganin bishiyar darbejiya. Kaza ta tashi daga kan ƙwai ta bi ta fuskata ta fice ta taga.

Na murɗa makulli baya. Babu abin da ya canza. Na zare shi ɗungurungum na riƙe a hannu ina nuna wa motar, ko za ta gane an sallame ta. Na diro, na fizge kan batir. Ko a jikinta. Abin da ban taɓa karantawa a littafin koyarwa ba shi ne, tsohon injin gas ba shi da fulogi, matsin iska ne ke kunna man, saboda haka in ya riga ya tashi ba ya bukatar wutar kowa. Sai dai ka datse masa mai ko ka toshe masa numfashi. Sandar da ke datse man kuwa ita ce ta maƙale, kuma a buɗe ta maƙale, har ƙarshe.

Ƙanin uwargida ya haura katanga, takalminsa ɗaya yana nan har yau. Maƙwabta suka fito da yara a kafaɗa. Wata tsohuwa da ta ga 1966 da 1975 da 1983 da idonta ta leƙo, ta hangi koren bodi cikin hayaƙi da sassafe, ta koma tana salati tana cewa a kunna rediyo, an yi juyin mulki.

Sai ga Baba Saje a guje, carbi na lilo a wuya. Bai ko kalle ni ba. Ya faɗa kicin, ya fizgi murfin babbar tukunyar uwargida, ta cikin kayan da aka kawo ta da su gidan nan, ya haye bamba, ya kifa shi a bakin bututun iskar da muka bari a buɗe. Injin ya zuƙe murfin har ya loma ya koma kamar ƙwarya. Ya yi tari, ya jijjiga, ya mutu. Daga baya ya ce mini da tsumma na tura da ta haɗiye shi, da tafin hannu na sa kuwa da yanzu da hagu nake cin tuwo.

"Na ce kada ka taɓa."

"Baba Saje, ai ka daɗe ne."

"A bariki da yanzu kana gadirum."

Zaman sulhu a ƙofar gidan mai unguwa aka yi shi. Aka yanke cewa ba zan ƙara tayar da ita ba sai hantsi ya dubi ludayi, ban da ranar Juma'a, kuma sai an aika wa tsohuwar nan tun jajibiri. A wurin ne wani ma'aikacin kotu ya tuna mini akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula hawa mota mai launin soja. Na nemo mai fenti. Abin da kuɗina suka iya saye ragowar wani shuɗi ne da ya yi saura daga aikin wata makarantar kwana, bai kuma isa ba, aka ƙarasa ƙofar baya da ruwan ɗorawa. Baba Saje ya daina sara mata. Uwargida kuma ta bincika ta tabbatar ba a sayar da murfi shi kaɗai, sai dai saitin tukwane gaba ɗaya.

Amma motar ta gyaru. Sandar ta saki, injin yana bugawa tsaf, birki yana tara iska yana huci. Mai faci ya zo da injinsa ya cika tayoyin, motar ta miƙe ta yi tsayinta na asali. Na ja ta a hankali zuwa ƙofa, yara na tafi, sai na ji Baba Saje ya daka tsawa. Kan motar ya fi dakalin ƙofar da kusan taƙi guda. A kwance ta shigo, a tsaye kuma ba ta fita.

Magini ya zo ya yi kiyasin fasa ƙofar, na ji adadin na ce ya gai da gida. Baba Saje ne ya kawo mafita irin ta soja: motar tana da wurin da ake jona tiyo a sha iska daga kwamfaresarta. Saboda haka tsarin fita yanzu shi ne, a aika wa tsohuwa tun jiya, a jira hantsi, a kori kaji, a sace iskar tayoyi, a rarrafa a fita, a tsaya a bakin layi a tare hanyar 'yan adaidaita ana hura su ɗaya bayan ɗaya. In an dawo a maimaita.

Makon jiya na samu ɗan kasuwa na farko da ya zo da kuɗi a hannu. Buhun gero yake so a kwaso masa, ya ce lallai mu kasance a Dawanau ƙarfe bakwai na safe. Na ba shi lambar wani mai kanta.