Kowa Da Irin Farautarsa

Da zarar an kammala girbi, ciyawa ta bushe, sai ka fara jin gangar farauta da haushin karnuka a bayan gari. Duk wanda ya ɗaura warki ya saɓa gora sunansa mafarauci, amma namun daji sun san kowa da halinsa.

Akwai mai kan burtu. Dabarar tsohuwa ce, kuma tana ci: maharbi ya ɗaura sassaƙaƙƙen kan tsuntsun a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya duƙa yana tafe yana saran ƙasa kamar mai tsintar fara. Barewa ba ta tsoron burtu, don haka sai ya matsa har inda kibiya za ta kai. Sharaɗin kawai haƙuri, domin burtu tsuntsu ne mai tafiyar ƙasaita. To, wani ya gaji kan burtun daga kakansa amma bai gaji gwiwoyin ba. Taku goma sai ƙugu ya ƙage, ya miƙe tsaye ya yi miƙa har da hamma. Barewar da ta ga burtu mai tsawon mutum ya dafe ƙugu yana salati, ai ba ta jiran ƙarin bayani.

Sai gwanin kira. Shi zai matse hanci ya yi kukan ɗan gada mai neman ceto don uwar ta fito, ko ya kwaikwayi zabin daji da asuba lokacin da suke saukowa daga bishiya. Matsalarsa ita ce ya iya har ya wuce misali. Yakan shafe hantsi yana kira ana amsa masa daga bayan sabara, yana murna miya ta samu, ashe wani gwanin ne ya laɓe can da bindigar toka, shi ma yana murna. Ƙanensa na zamani ba ya wahalar da maƙogwaro, a waya ya naɗo kukan. Daidai lokacin da zabi suka fara matsowa sai kira ya shigo, uwargida ce ke tambayar kuɗin cefane.

Mai layu kuwa ya sha kambu da guru, ga baduhu, ga layar zana, ya haƙiƙance babu idon da ke ganinsa. Mu bar masa wannan. Sai dai dabba da hanci take tsaron ranta. Shi ya sa tsofaffin maharba ke ɗibar ƙura su saki su ga inda iska ta dosa, sannan su tunkari nama iskar na bugun fuskarsu. Namu kuwa iska na bayansa, ta kwashi warin taba da hayaƙin turare ta kai wa gada tun daga nesa. In ya dawo hannu rabbana sai ya ce wani ɗan baƙin ciki ne ya karya masa asiri.

Mai fitilar goshi, a wajensa duk idon da ya yi ƙyalli da dare nama ne. Mai unguwa ya san shi, masu awaki ma haka.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne "ni na fara jifa". Zomo kan lafe cikin ciyawa har sai an kusa taka shi, sannan ya zabura yana kwana-kwana, shi ya sa aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ban da wannan bawan Allah. A bayan ayari yake tafe, rigarsa ko ƙaya ba ta taɓa ba, amma kare na cafkewa sai ga shi da gora yana rantsuwa da kabarin ubansa.

Na ƙarshensu ba ya shiga daji sam, a teburin mai shayi yake farautarsa. Kullum sai ya kashe ɓauna a Yankari, dajin da aka keɓe tun 1956 aka hana harbi a cikinsa, kuma kowane dare ƙahonta sai ya ƙara tsawo. Abin da aka taɓa gani a jakarsa dai bushiya ce.

In za ka shiga daji bana, bi tsohon nan da ba ya kirari, wanda ke tsugunawa yana duba sawu da kashin dabba. Wayarka kuma ka bar ta a gida.