Zuwa ga Bazazzagen Shikago, Mai Wasiƙu Kullum

Malam Bazazzage, bawan Kanawa, ina gaisuwa. Da fatan iskar Shikago ba ta ƙarasa kwashe ɗan wayon da ka fita da shi daga Zariya ba, don dama can ba shi da yawa.

Labarinka ya iso Kano, kuma ba maƙiyi ne ya kawo shi ba, bakinka ne. Kai ka riƙa bugo waya gida kana cewa tunda ka sauka Amurka, in ban da ranar Lahadi da gidan waya ba ya rabo, akwatin wasiƙunka bai taɓa kwana wayam ba. Wai manyan kamfanoni sun san da zuwanka, suna rubuto maka da cikakken sunanka a takarda mai sheƙi. Har ka sa tsofaffi a Kwarbai suna sa maka albarka, ana cewa ai Malam ya zama wani abu a ƙasar Turawa. Yanzu kuma murya ta sauya. Teburin cin abinci ya nutse, uwargida ta ba ka wa'adi, ko kai ko takardun. Da abin ya ishe ka sai ka tuna kana da ubangida a Kano. Madalla. Gyara zama.

Waɗannan da kake tarawa littattafan talla ne, katalog, hotunan kaya da farashinsu, a aiko maka har gida ko Allah zai sa idonka ya ja aljihunka. Ba wanda ya san ka a kamfanonin nan. Kwamfuta ce ta tofo sunanka cikin dubban ɗaruruwan sunaye, inji ya buga, mota ta kwasa. Na san abin da ya ruɗe ka. Ku Zage-zagi duk takardar da aka ɗinke aka yi wa bango littafi ce a wurinku, sai an gyara rawani a buɗe ta da ladabi. An ce har da alƙalami kake bin na kayan lambu kana ja masa layi, kai da ke zaune a saman bene gidan haya, ko tukunyar fure ba ka da ita.

Ka ce ba ka san inda suka samo sunanka ba. Ni na sani. Rigar sanyin nan da ka saya ta intanet a hunturunka na farko, wadda ka ɗauki hoto da ita ka aiko mana kana washe baki a cikin ƙanƙara, ita ce mafari. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kamfanonin da ke sayar da kaya ta gidan waya suna da wani irin adashe a tsakaninsu: kowa ya zuba sunayen waɗanda suka saya a wurinsa, da abin da suka saya, da nawa suka kashe, da yaushe, sannan ya kwashi sunayen da wasu suka zuba. Mafi shahara a cikin rumbunan nan shi ne Abacus, na kamfanin Epsilon. To mai sayar da takalmin ƙanƙara ya ga wani ya sayi rigar sanyi, me kake so ya yi? Mai bargo ma ya gani. Mai safar hannu ya gani. Ga kuma dillalan sunaye, waɗanda sana'arsu ke nan, suna ba da hayar suna dubu-dubu. Haya fa na ce, ba sayarwa ba, galibi don aike guda ɗaya. Har sunayen bogi suke cusawa a ciki masu adireshin mutanensu, don in wanda ya yi haya ya sake aikawa a ɓoye ba tare da ya biya ba, takardar ta faɗo hannunsu su kama shi. Wallahi da na ji wannan sai da na jinjina musu. Wanda ya ƙirƙiro dabarar nan, a bincika da kyau, ba zai rasa jinin Kanawa ba.

Nan ne ni abin ke ci mini rai, ba tarin takardun ba. An yi cinikinka, Malam. Dillali ya ci la'adarsa, mai rumbu ya karɓi kuɗin haya, maɗaba'a ta samu aiki, gidan waya ya karɓi nasa, kuma ba ƙaramin nasa ba ne, don kusan rabin abin da gidan wayar Amurka ke rabawa a shekara talla ce. Kowa ya ci da sunanka sai mai sunan. Kai ko sisi, sai ma kwasar shara da aka bar maka. A Kantin Kwari ko yaron shago ba za a yi ciniki ta hannunsa ya tashi hannu rabbana ba. Kai kuwa har waya ka bugo kana alfahari.

Ban ce abin ba shi da asali mai daraja ba, kuma tunda ku masu son tarihi ne, ga shi, a garin da kake zaune ya bunƙasa ko da yake na san ba ka sani ba. A Shikago ne Aaron Montgomery Ward ya fitar da tallarsa ta farko a 1872, falle ɗaya tak mai ɗauke da kaya 163, don manoman karkara da ɗan kantin ƙauye ke tsawwala wa farashi. Richard Sears kuwa ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a jihar Minnesota, ya fara da sayar da agoguna a 1886, daga baya ya koma Shikago, littafinsa ya yi ta kumbura har ya kai ɗaruruwan shafuka: keken ɗinki, garma, murhu, takalmi, kayan kiɗa. Daga 1908 zuwa 1940 har gida sukutum kamfaninsa ke sayarwa, daga baya ma har a yayyanka katakon a sa wa kowane lamba, a loda a jirgin ƙasa, mutum ya je tasha ya kwaso ya harhaɗa abinsa. Gwamnati ce ta share musu hanya, da ta fara kai wasiƙa ƙofar gidajen karkara kyauta a 1896, sannan ta fara ɗaukar ƙunshin kaya a 1913. Akwai ma waɗanda littafin nan ya yi wa rana fiye da kowa, wato baƙaƙen fata na kudancin ƙasar a zamanin wariya. A kantin Bature sai su tsaya a gama da farare, a miƙo musu abin da aka ga dama a kan farashin da aka ga dama. Takardar oda kuwa ba ta ganin launin wanda ya cika ta. Wannan kam a yaba.

A lokacin nan mutane ne ke ɗokin isowar littafin, kuma in sabo ya zo ba a zubar da tsohon. Rataye shi ake yi a ban-ɗakin bayan gida, ana yagar falle-falle. Sauran bayanin ka ƙarasa da kanka, kai ne malami. Sears sun daina buga babban littafinsu a 1993, IKEA ma ta sanar da daina nata a 2020 bayan shekara 70. Amma kada ka yi murna. A 2007 an aika katalog sama da biliyan 19 a Amurka, kuma duk da adadin ya ragu sosai tun daga nan, abin da ya rage ya isa ya binne Bazazzage ɗaya.

An ba ni labarin yaƙin da ka yi da su da kanka kafin ka nemi na gaba da kai. Wai ka zauna dare guda kana rubuta wa kowane littafi a bango, da Turancinka na jami'a, cewa a mayar wa mai shi, ka kwashe ka zuba a akwatin gidan waya. Sannu da ƙoƙari. Irin wannan aike rahusa aka biya masa, kuɗin zuwa kawai, babu na komowa, don haka in ba kamfanin ne ya buga a jiki cewa a dawo masa da shi ba, gidan waya zubarwa yake yi. Kamfanin bai ma san ka yi fushi ba. Sai ka manna takarda a akwatinka cewa ba ka son talla. A Jamus ko Holan da ta yi maka ɗan amfani, amma a Amurka mai rabon wasiƙa dole ne ya ajiye duk abin da aka biya aka aiko adireshinka. Daga nan ka yanke shawarar da ta fi kowacce zama ta Zage-zagi: ka tashi daga gidan. Ka je ka cika fom ɗin sauya adireshi da hannunka, ba ka san gidan waya na ba kamfanonin da ke da lasisi damar gyara jerin sunayensu da wannan bayanin ba. Kafin ka gama jera kujeru a sabon gida, littafin kayan lambu ya zo yi maka barka da tarewa.

To ga abin da mai hankali ke yi. Juya bayan littafin, kusa da sunanka za ka ga lambobi, ɗaya taka ce ta mai saye, ɗaya tana nuna daga wane jeri aka samo ka. Kira kamfanin ko ka rubuta musu, ka karanto lambobin, ka ce abu biyu, ba ɗaya ba: su daina aiko maka, kuma kada su ba da hayar sunanka ko su yi musanyensa da kowa. Na biyun nan ne mutane ke mantawa, alhali shi ne bakin rijiyar. In kiran ya yi maka yawa, akwai Catalog Choice, ƙungiya ce ba ta neman riba ba, tun 2007 take wannan aiki kyauta, ka zaɓi sunan littafin su isar da saƙonka. Sai DMAchoice, rajistar da ƙungiyar masu tallar kansu ke gudanarwa, inda za ka biya 'yan daloli kaɗan a cire ka na shekara 10 daga jerin da ake bai wa kamfanonin da ba ka taɓa ciniki da su ba. Na san jin kalmar biya ya sa gabanka faɗuwa. Daure. Kuma ka shigar da kowane irin rubutu da aka yi wa sunanka, don kai a takardu mutum uku ne, Muhammad da Mohammed da wani Mohd, kowanne da nasa kason littattafan. Suna da wata rajistar ta mamata, wadda iyalai ke sa sunan wanda ya rasu don a daina aiko masa. Na faɗa maka ne don ilimi kawai. Kada rowa ta sa ka kai kanka can.

Su kuma wasiƙun bankuna da ka ce suna roƙonka ka karɓi katin bashi, har kana cewa Turawa sun gane kai mai amana ne, hanyarsu daban. Kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, Equifax da Experian da TransUnion da Innovis, su ke ba da sunayen, kuma doka ta tilasta musu buɗe ƙofar fita. Shafin OptOutPrescreen ke nan: ko a cire ka na shekara 5, ko har abada in ka sa hannu a takarda ka aika musu. Malami da kai, kana murna masu kuɗin ruwa na nemanka.

Bayan duk wannan sai haƙuri, don ana buga littattafan nan da sunaye tun watanni kafin a aiko, sai ka ba su kamar wata uku kafin ka ga sauƙi. Ka kuma kama hannunka. Duk katin garanti da ka cika har da amsa tambayar nawa kake samu a wata, duk takardar gasar cin mota da ka jefa a akwati a babban kanti, sabon zubi ne ka yi. Akwai kuma tallar da ba ta ɗauke da sunan kowa, wadda ake biyan gidan waya ya saka a kowace ƙofa a unguwa. Wannan ba ta da magani, tunda ba jerin da za a goge ka daga ciki. Kwandon sake sarrafa takarda kawai.

Na ajiye maka babban makami a ƙarshe, don na san da kai ya dace. Akwai fom a gidan wayar Amurka mai lamba 1500. Asalinsa wata doka ce ta 1967 da aka yi don kare gidaje daga tallar batsa: wanda aka aiko wa tallar da yake ganin tana tayar da sha'awa zai iya sa gidan waya ya haramta wa mai aikowa sake aiko masa da komai. Masu talla suka kai ƙara, aka je har Kotun Ƙoli a shari'ar Rowan, a 1970 kotu ta ce dokar ta zauna daram, kuma mai gida shi kaɗai ke da ikon cewa wannan takarda ta tayar masa da sha'awa, ba ma'aikacin gidan waya da zai yi masa gardama, ko da tallar atamfa da zannuwan gado ce. Ka haɗa fom ɗin da littafin da ka buɗe ka miƙa, bayan kwana 30 da isar umarnin in suka sake aikowa sun taka doka. Yana aiki sosai. Sharaɗin kawai shi ne ka tsaya gaban kanta, da gemunka da tabaronka, ka sa hannu cewa hoton tiyon ban-ruwa da shebur ya hana ka sukuni. Ranar da za ka je don Allah ka sa a ɗauko mini hoto, akwai masu son gani a Kwarbai.

Ka tambaya ko za ka cika kwali ka aiko Kano a sayar wa masu tsire su riƙa naɗe nama. Kada ka soma. Takarda mai sheƙi ba ta shan mai, ba mai tsiren da zai karɓe ta ko a kyauta, kuma kuɗin jirgin ya fi ƙarfinka. Batun kuɗin shara kuwa da ka fara yi mini tuni tun watan Cika-ciki bai kama ba, bana babu. Bawan da sharar teburinsa ta gagara, da wane ido zai zo karɓar ladan share gidan ubangidansa? Ka fara kwashe ta gabanka, uwargida ta bugo ta shaida mini da bakinta, sannan mu yi magana.