Ina Kallon Folda, Postfix Na Cewa Babu Ita

Alhaji ya dawo daga wani taro a Abuja da sabon ciwon kai: duk wanda ya miƙa masa kati, adireshin imel ɗinsa na ɗauke da sunan kamfani, shi kaɗai ke yawo da Gmail mai lambobi a wutsiya. Da yake ni ke lallashin firinta idan ta cije takarda, ba tare da shawara ba aka naɗa ni injiniya.

Na ɗauko tsohuwar kwamfutar akanta na ɗora mata Ubuntu, na saka Postfix, manhajar da Wietse Venema ya fitar a 1998 don karɓa da aika wasiƙu, na haɗa shi da Dovecot na Timo Sirainen, ɗan Finland, manhajar da ke miƙa wa kowa wasiƙarsa bayan ta tantance shi. Na aika gwaji. Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Na buɗe mail.log, inda uwar garken ke rubuta ƙorafinta. Postfix ya ce ya je /var/run/dovecot neman ƙofar da zai yi magana da Dovecot, amma babu wannan fayil ko folda. Na leƙa. Ga folda, ga fayil a ciki. Na sake kunna shi, ya sake rantsuwa babu.

Masinjanmu, dattijo mai carbi, ya leƙo ta kafaɗata.

“Injiniya, kai kana gani, shi ba ya gani?”

“Haka ne, Baba.”

“To ai wannan ba aikin boko ba ne. A nemo hazbo.”

Wani maƙwabcin ofis ya ba ni laƙanin da kowane ɗan koyo ke ba ɗan'uwansa, wato chmod 777, a buɗe wa kowa da kowa izinin karantawa da rubutawa. Ban san mai ba da wannan shawara da ya taɓa kwana da ƙofar gidansa a buɗe ba. Ko da aka gwada, Postfix ko gezau. Sannan aka ɗauke wuta.

Da janareto ya tashi ne na gano bakin zaren a master.cf. Ashe a Ubuntu da Debian, Postfix auren kulle ake yi masa. Abin da ake kira chroot yana tsare shi cikin /var/spool/postfix, ya ɗauka nan ce duniya kaf. Ka aike shi /var/run, sai ya neme ta a tsakar gidansa, ya dawo ya ce babu, kuma bai yi ƙarya ba. Maganin shi ne a ce wa Dovecot ya shigo gida ya kafa ƙofarsa a private/auth, mallakar postfix. Baba ya ce ai dama ya yi tofi tun ɗazu.

Na sake aika gwaji, wasiƙa ta dawo mini da sabon zargi: ba za a iya rubutu a Maildir ba, domin folda ce. Tun safe muna rigima kan babu folda, yanzu laifinta shi ne kasancewarta folda! Dokar Postfix ita ce, idan aka rubuta Maildir/ da karkatacciyar sanda a ƙarshe, zai bi tsarin Daniel Bernstein mai ɗakuna uku, tmp da new da cur, kowace wasiƙa da fayil ɗinta. Idan babu sandar, fayil guda yake nema ya zuba komai. Ni kuwa daga waya nake kwafar umarnin, tsagewar gilashinta ta bi daidai ta kan sandar nan ta haɗiye ta.

Bayan isha'i wasiƙa ta faɗa cikin new. Na kira Alhaji da murya irin ta mai albishir.

“Ranka ya daɗe, an gama. Na tura maka kalmar sirri da yadda za ka shiga.”

“A ina?”

“A sabon imel ɗin.”

Ya yi jim, sannan ya ce, “Kai yaro, turo mini ta WhatsApp.”