Zuwa ga Taubashina, Sarkin Tiransifa na Goronyo

Ɗan gwaggo, bawana na gado, ina gaishe ka daidai matsayinka, wato kaɗan.

Labari ya iske ni cewa tun da ka je Sakkwato ka kalli Sokoto United a filin Giginya, ka hana 'yan majalisa sakat. Wai kai ne ɗan zamani: duk filin wasa, daga na ƙwallo har dandalin damben kaka, a daina karɓar tsabar kuɗi a bakin ƙofa, kowa ya zo da kati ko ya yi tiransifa. Har kana kafa hujja da Ingila, kai da iyakar tafiyarka Illela, can ma a bayan motar albasa.

To, ba ƙarya ka yi ba, ko da yake ji ka yi. Filin Tottenham na Landan, wanda aka buɗe a watan Afrilun 2019, ba a karɓar kuɗin hannu a cikinsa, ko ruwa za ka sha sai da kati ko waya. Filin Mercedes-Benz na birnin Atlanta a Amurka ma ya koma haka a shekarar. Dalilinsu layi ya yi sauri, a huta da neman canji. Abin da ka ɓoye wa majalisa shi ne can ma an yi ƙorafi, saboda tsofaffi da yara da marasa asusun banki. A Atlanta sai da suka girka injinan da za ka zura musu dala su ba ka kati. Birnin Filadelfiya kuwa doka ya kafa a 2019 da ta hana shaguna ƙin karɓar tsabar kuɗi, New York ta bi sahu a 2020. Mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa ke nan fa.

Mu nan ai mun ɗanɗana, ba labari aka ba mu ba. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya, lokacin Godwin Emefiele, ya ce zai sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Kafin Fabrairun 2023 tsofaffin kuɗi an kwashe, sababbi ba su wadata ba. Manomi ya ɗauko tafarnuwa daga Wurno ya kawo kasuwar Lahadi, mai saye ya ce ya turo, kuɗi sun fita daga can ba su shigo nan ba, su biyu su tsaya suna kallon waya har la'asar. Mai POS ya zama basarake, ana sayen naira da naira. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin, bayan ƙarar da Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa. Kafin wannan ma, a Satumban 2021, an katse sabis ɗin waya a Goronyo da Wurno da Rabah saboda matsalar 'yan bindiga. Da tsarinka ake bi a lokacin, da ko rake ba mai sha a bakin fili.

Kuma ka taɓa tunanin dandalin dambe babu liƙi? Ɗan dambe ya yi kisa, kalangu ya ɗauka, jama'a sun ɓarke da sowa. Da zamanin makaɗi Ɗan Anace ne yana wasa ɗan dambe Shago, sai ka miƙe tsakiyar fage ka ce a dakata da kiɗa, a karanto maka lambar asusu? Yarinya mai tallan gyaɗar naira ɗari fa, wane banki za ka tura mata? Ni ban ce a hana mai kati amfani da katinsa ba. A bar ƙofa biyu, mai waya ya bi tasa, mai kuɗi a lalita ya bi tasa.

Amma mu daina ɓoye-ɓoye, na san ka tun kana yawo ba wando. Ba son ci gaba ya dame ka ba, rowa ce ta sami mafaka. A da in maroƙi ya tare ka, sai ka yi ta lalube a aljihu har ya gaji. Yanzu ka huta: "Wallahi sabis ne ba kyau." Gudummawar sunan da ka ce ka turo mini bara har yau tana hanya. Ko a jaki ka ɗoro ta daga Rabah ai da ta iso.

Saura kuɗin shara na watan Cika-ciki. Bana kada ka wahalar da ƙafarka zuwa gidana, tun da ra'ayinka ke nan tiransifa zan yi maka. Ka hau kan madatsar ruwan Goronyo, ka ɗaga waya sama, ka jira alat.