Filta Uku na Abokina Mai Hoto

Wani abokina mai ɗaukar hoton biki a Kano ya ji manyan sana'a suna cewa ƙwararre ba ya fita da lensi tsirara, dole a ɗaura masa filta a baki. Shi kuwa ba mutum ne da za a kira ƙwararru ya tsaya a baya ba. Ya bar kyamararsa ƙirar Canon a gida don gudun 'yan ƙwace, ya ja ni muka shiga kasuwa.

"Maigida, lamba nawa?" in ji mai shago. Mutumin ya tuna an rubuta 18-55mm a jikin lensinsa, sai ya gyara tsayuwa ya ce hamsin da biyar. Aka naɗe masa filta uku masu faɗin milimita 55. Da muka koma gida ya ɗora ta farko, ta yi 'yar rawa a bakin lensi ta zame. Wancan 55 ɗin ma'aunin yadda lensi ke jawo abu kusa ne. Faɗin baki yana rubuce kusa da wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa, ø, a gaban lensi ko a cikin murfinsa, kuma na wannan lensi 58 ne. Abin haushin shi ne, da sabon samfurin Nikon 18-55 yake riƙe da shi, da maganarsa ta faɗa daidai, domin bakin wancan 55 ne cif. Mai shago ya yarda ya canza, amma sai da aka yi ciko.

Ta farko, wadda ake kira UV, mai shago ya rantse tana kore hazo. A zamanin fim maganar tana da ɗan tushe, domin fim yana kama wani haske da ido ba ya gani, sai hoton nesa ya fito da shuɗin hayaƙi. Kyamarar yau tana da nata gilashin a ciki da ke tare yawancin wannan hasken, saboda haka aikin UV ya koma gadi. Gadin ma ba abin rainawa ba ne. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, dawakai suna tayar da ƙasa, ko ya yi aiki a tsakiyar hunturu, ya san gara ƙura ta karce gilashi mai araha da ta karce lensi.

Sai dai araha ba ta ado. Filtocin Hoya ko B+W masu daraja ana shafa musu wani sinadari hawa-hawa don kada haske ya riƙa kai da komo tsakanin gilasai. Ta abokina gilashi ce zalla. Ya shiga da ita dina da dare, fitilu ta ko'ina, kowane hoto ya fito da wani koren ɗigo yana yawo. A ɗaya ya sauka daidai goshin ango. Gwaggon ango ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce a dai ci gaba da yi wa yaron nan addu'a.

Ta biyu ita ce folaraiza, kuma in da za a tambaye ni, ita kaɗai ce ta ci kuɗinta. Ba'amurke Edwin Land ne ya ƙirƙiro ledar da ke tace haske haka, ya nemi rajistarta a 1929, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Tana cire ƙyallin ruwa da na gilashin mota da na ganye, ta ƙara wa sama shuɗi, kuma ƙyallin da ya riga ya rufe fuskar amarya a bayan gilashin mota babu kwamfutar da za ta dawo da abin da ke ƙarƙashinsa. Amma juya ta ake yi a hankali ana kallo, kuma ta fi aiki in rana tana gefen kafaɗa. Tana kuma cinye fiye da rabin hasken. Abokina ya ɗaura ta tamau, bai juya ba, ya shiga ɗakin kamu da ita. Kyamara ta rage gudu don ta tara haske, 'yan matan amarya suka fito kowacce da hannu huɗu.

Da ya duba allon kwamfutarsa ta cikin folaraizar yana juyawa, ya ga allon ya yi baƙi ƙirin, ya ce an sayar masa da jabu. Wannan kuwa ita ce shaidar cewa ta gaske ce.

Ta uku baƙa ce wuluk, an rubuta mata ND1000. Tana rage haske kusan sau dubu, ta yadda hoton da za a ɗauka cikin ƙiftawar ido sai ya nemi daƙiƙa guda. Masu zuwa Gurara a jihar Neja ko Matsirga a Kafanchan ne ke son ta, su kafa kyamara a kan ƙafa uku, ruwa ya fito sumul. Mai shago ya taƙaita duk wannan da cewa "ta rana ce". Ranar ɗaukar amarya kuwa ana rana, don haka mutumin ya ɗaura ta a kan UV ɗinsa, ni ina riƙe da jaka.

Ya kai ido, duhu. Lensi ya yi gaba ya yi baya yana neman abin kamawa. Ya cire batir ya hura ya mayar. Ya cire katin ajiya ya goga a riga. Ya dube ni ya ce kyamara ta mutu, ga guɗa ta fara tashi daga cikin gida. Wani yaro ne ya ce, "Kawu, ai baƙin gilashi ka saka mata."

Ya kama zai kwance, ta ƙi. Zoben filta mai araha na alminiyom ne, yana cijewa, kuma iya matsawarka da yatsu iya lanƙwashewarsa. Dabarar ita ce a kifa bakin lensi a kan roba a danna a murɗa. Robar da ke kusa kuwa silifas ɗin alwala ne a bakin zaure. Nan uwar amarya ta fito ta tarar da shi durƙushe, ya kifa kyamara a tafin takalmi yana nishi.

"Ɗan nan, hoto muka kira ka ko gyaran takalmi?"

"Hajiya, yanzun nan, in sha Allahu."

Filtar ta kwance kuwa, amma tare da UV ɗin, manne da juna, kuma har yau babu wanda ya iya raba su. Kafin ya miƙe motar amarya ta sha kwana, hoton fitarta daga gida sai a wayar ƙanwar ango aka samo shi.