'Yan Wasan Metir a Yagwa

Da zarar bikin matasa na 11 ga Fabrairu ya matso, ajin firamare a Yagwa sai ya koma fagen wasan kwaikwayo. Metir, wato malamin ajin, ya zazzage kayan wasa a tsakar aji: tsohon rawani, usur, gemun auduga, hular kwali, da buhun shinkafar kamfanin SEMRY da aka huda wa wuya ya zama riga. Abin da yaro ya fara kai wa hannu, shi ne na babban da ya daɗe yana kallo.

Jandarma ba a naɗa shi, shi ke naɗa kansa. Kafin a raba aiki usur na bakinsa. A rubuce, kalma ɗaya aka ba shi, "Papiye!", wato takardu, amma sai ya zagaya mai babur sau biyu, ya taɓa taya, ya kalli sama, ya juya baya yana miƙo hannu ta ƙasa. Metir ya rantse bai koya masa wannan ba, kuma na yarda da shi. Ranar wasa iyaye su yi ta dariya, ban da wani mai kaki a layin gaba.

Lamiɗo kuwa gado ya ci, domin rawanin na kakansa ne. Ba ya magana, ba ya gani, amawali ya rufe masa har ido, amma ka ce ya ba wani ya ɗana, sai ya ce zai tafi gida da kayansa.

Akwai uwar daba, 'yar shekara bakwai mai goyon kwalba. Ta haddace maganar kowa, tana raɗa wa mijinta na wasa abin da zai faɗa, in ya yi kuskure ta harare shi. Har Metir takan gyara: "Metir, jiya ba haka ka ce ba."

Mai mantuwa yakan fara da Faransanci tiryan-tiryan, ya hango innarsa cikin taro, ya kafe, sannan ya ƙarasa da Fulatanci ko Masanci. Nasa ya fi shiga kunne.

A wani garin, yaro kuka yake yi in an ce ya fito a saniya. A ƙasar Masa, inda saniya ce dukiya kuma ita ce sadaki, dambe ake yi a kan ƙahon kwali, wanda ya samu kuwa ba ya barin fage sai ya tunkuyi jandarma.

Sai waɗanda aiki bai kai kansu ba. Da can su ne kogin Logon, suna kaɗa shuɗin zane ana tuƙa kwalekwale. Tun da aka buɗe gadar Yagwa zuwa Bongor a 2025 sun samu ƙarin girma: biyu su durƙusa su zama gada, kuma sun fara neman kuɗin fito.